Yadda na hana kofin gilashi tsagewa bayan ya huce

Kofunan da na hura daga narkakken gilashi suna fita da kyau, amma washegari sai a tarar gindinsu ya tsage.

Kauri ne sanadi. Bangon kofin milimita 3, gindin kuwa 12, don haka bangon ya riga gindin hucewa ya ja shi. Ga shi ina ɓata lokaci kafin in kai kofin tandun hucewa, wato tandun da gilashi ke hucewa a cikinsa sannu a hankali.

Yanzu kafin in cire kofin daga sandar ƙarfe, ina mai da shi bakin wuta na daƙiƙa 10, har da gindin. Daga nan kai tsaye cikin tandu, a zafin digiri 510 na Selsiyus. Da kaurin gindi ake lissafin lokaci: awa 2 a wannan zafin, sannan a riƙa sauke digiri 30 kowace awa har zuwa 370, a kashe. Kada a buɗe ƙofa sai ya sauka ƙasa da 50, ko da an ƙagu a gani.

Fasassun kwalabe ma na daina haɗa su da gilashin da nake narkawa a tukunya, domin kowane iri da yadda yake tsukewa, kuma ba hucewar da ke gyara wannan.