Kafin ka biya kuɗin faifan Blu-ray

'Yan uwa na Yamai, in za ka sayi faifan Blu-ray, ka ce wa mai shago ya sa shi cikin na'urar DVD ta yau da kullum.

In fim ya fito, kada ka saye shi. DVD ne aka sa wa shuɗin kwali.

Na'urar DVD ba ta iya karanta Blu-ray ko kaɗan, hasken da ke karanta su daban ne. Blu-ray na ɗaukar giga 25 ko 50, DVD kuwa yawanci bai wuce 8.5 ba. Wanda aka cusa wa fim shida kuma, kada ma ka ɓata lokacinka.

Sai ka juya kwalin ka nemi harafin yanki, wato harafin da ke nuna na'urorin wane yankin duniya faifan zai yi aiki a ciki. Afirka da Turai B ne, Amurka A. Na Faransa zai yi a na'urarka, na Amurka yakan ƙi, sai in an buga ABC, wato na kowane yanki.

In fim ɗaya ya fito kala biyu, ɗauki mai giga 50. Yawanci ba a matse hotonsa sosai ba, za ka gane a wuraren duhu.

Amma ka lura, wani kwalin faifai biyu ne a ciki, Blu-ray da DVD. Ka tabbata wanne aka gwada. Faifan 4K kuma, wanda hotonsa ya fi na Blu-ray na yau da kullum fitowa, ba ruwansa da yanki, sai dai yana son tasa na'urar.