Sababbin zuwa Istanbul, ku fito ku sha iska

Salam 'yan uwa. Ku daina kashe Asabar a kwance cikin ɗaki. Istanbulkart ɗin da kuke shiga bas da shi yana aiki a jirgin ruwa ma. Ku hau daga Eminönü zuwa Kadıköy, kamar minti 20 kun bar Turai kun shiga Asiya. Ku sayi simit, wato zagayayyen burodin nan mai riɗi, ku zauna ta waje, ku ga yadda tsuntsayen teku ke bin jirgin suna cafe gutsuren da aka jefa musu tun bai faɗi ruwa ba.

Amma a riƙo rigar sanyi ko da rana ta take, iskar ruwan nan ba ta da mutunci. Ranar Lahadi kuma kada a nufi kasuwar Kapalıçarşı, a garƙame take. Ni na taɓa shan wannan wahalar.