Idan Aka Ba Ka Jagorancin Jera Littattafai a Laburaren Karkara

Littafin da aka saka a wurin da ba nasa ba, da shi da wanda aka sace duk ɗaya ne. Sunansa yana cikin rajista, shi kansa yana cikin ɗakin, amma mai nema zai juya ya tafi gida yana cewa babu. A kan wannan aikin shugaban masu jera littattafai ya rataya. Ni ina riƙe da wani ƙaramin ɗakin karatu na jama'a a wani gari cikin masarautar Gumel, kuma ma'aikatana irin waɗanda kowa ke samu ne a karkara: mataimaki ɗaya, Baba mai shara, sai 'yan bautar ƙasa da ɗalibai masu zuwa sanin makamar aiki, waɗanda da zarar hannunsu ya fara faɗawa sai lokacin tafiyarsu ya yi. Don haka shawarata ta wanda kullum yana koyar da sabon hannu ce.

Fara da lamba. Yawancin laburaren jama'a a Nijeriya tsarin Dewey suke bi, wanda wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fitar a 1876. Ya kasa ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900. Kada ka ɗora wa sabon yaro haddar su gaba ɗaya. Nuna masa waɗanda mutanen garinku suka fi tambaya. A wurinmu su ne 297 na Musulunci, 370 na koyarwa, 510 na lissafi, 610 na lafiya, 630 na noma da kiwo, 893.72 na adabin Hausa, da 966.9 na tarihin Nijeriya. Sauran za su zauna masa a hankali.

Inda kowa ke tuntuɓe shi ne bayan ɗigo, har da masu digiri. Ka miƙa wa sabon kofa, wato ɗan bautar ƙasa, littafi biyu, ɗaya 630.15, ɗaya 630.2, sai ka ga ya sa na biyun a gaba, don a ganinsa 2 bai kai 15 ba. Ba haka ake karanta ta ba. Bayan ɗigo lamba ɗaiɗai ake dubawa: nan 1 ce, can 2 ce, saboda haka 630.15 ne a gaba. In lambobin sun zo ɗaya sak, sai a koma kan haruffa ukun da ke ƙasa, na farkon sunan marubuci, a bi su bisa jerin abacada. Ni ba na barin kowa ya taɓa kanta sai ya ci jarrabawar kwali. Na yayyanka kwalin taliya ƙanana-ƙanana, na rubuta lambobi masu rikitarwa a kai, nakan cakuɗa su in zube a tebur in ce, "Bismillah, Malam Kofa, jera mana." Kuskuren da aka yi a tebur nan take ake ganinsa, wanda aka yi a kanta kuwa sai ya shekara.

Jeri daga hagu zuwa dama ne, daga sama zuwa ƙasa, kuma sai an gama sashe ɗaya tsakanin katako biyu na tsaye kafin a ƙetara zuwa na gaba. Ka nanata wannan ga wanda ya fito daga makarantar allo ko Islamiyya, domin da ya ga littafin Larabci hannunsa zai so farawa daga dama. Na Larabci da na ajami ma lambarsu ake bi, hagu zuwa dama.

Akwai wurin da ni kaina nake saɓa wa Dewey, kuma ban ga laifin hakan ba. Lambar Alƙur'ani 297.122 ce, kuma lissafin jeri yana iya kai shi kantar ƙasa, dab da takalman mutane. Babu wanda zai yarda da haka a garinmu, ni ma ban yarda ba. Ware masa kantar sama shi da tafsirai, kada a ɗora komai a kansa, sannan ka manna 'yar takarda a gurbinsa na asali da ke faɗin inda aka mayar da shi. Ƙa'idar ke nan ga duk abin da ka cire daga jeri: bar shaida a inda ka cire shi. Haka muke yi wa ƙamus-ƙamus da ba a aro, da littattafan tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO da JAMB, waɗanda bayan teburina suke zama don sun fi komai saurin yin ƙafa. Su kuwa siraran littattafan hikaya na Hausa da ake bugawa a Kano, ba sa tsayuwa da kansu, kuma babu wurin manna lamba a gefensu. Manna ta a kusurwar bango, ka tara su cikin kwali mai buɗaɗɗen baki, a rubuta lamba a jikin kwalin.

Sai rabon aiki. Kada ka ce "a gyara kanta", don ba wanda zai gyara. Yanka wa kowa nasa sashe kamar yadda ake yanka wa kowa kunyarsa a gayyar noma, ka rubuta sunansa a manna a gefen kantar. Kowace safiya, rabin awa kafin a buɗe ƙofa, kowa ya bi nasa da ɗan yatsa yana karanta lamba ɗaya bayan ɗaya. Sabon zuwa ya karanta a fili, kunne yakan kama abin da ido ya tsallake. Kai ma ɗauki naka sashe, kuma ɗauki mafi wuya, wato 500 na kimiyya a lokacin jarrabawa. Shugaban da ke zaune a kan kujera yana nuni da biro, ba a daɗe ba ake daina jin maganarsa. In kana son sanin gaskiyar aiki, buɗe rajista ka tsinci sunaye biyar, ka ce a kawo maka su. Wanda ya yi kuskure, ja shi gefe ka nuna masa, ba a gaban masu karatu ba.

Masu karatu kuma a hana su mayar da littafi kanta. Da kyakkyawar niyya suke yi, amma su ne tushen rikicin. Ajiye tebur ɗaya ka rubuta a kai cewa nan ake barin littafin da aka gama da shi. Riba biyu ce: littafi zai koma gurbinsa, kuma in ka ƙirga su da yamma ka samu abin rubutawa a rahoton da kake aikawa hedikwata. Ka sani kuma, ɗalibi mai shirin jarrabawa yakan ɓoye littafin kemistiri ɗaya tilo a cikin 100 na falsafa, inda ya san ba a cika leƙawa ba, ko ya tura shi bayan jeri. Sa hannu ka laluba baya.

Wajen riƙon littafi, babban abin da ke kashe shi shi ne jawo shi da yatsa ta saman gefen da aka ɗinke. Nan ne yake fara yagewa. A tura maƙwabtansa biyu baya kaɗan, a kama shi ta tsakiya a zaro. Kada a cusa kanta ta cika maƙil, a bar kamar taƙi ɗaya a ƙarshe don sababbi. Kada kuma a bar littattafai su kishingiɗa, ɗinkinsu zai karkace. In babu ƙarfen tokarewa, bulo ɗin da aka naɗe da tsohuwar atamfa yana yin aikin. Manyan littattafai irin na taswira a kwantar da su, uku ko huɗu a kan juna. Salatif kuwa na haramta shi: yana bushewa ya faɗi, ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Ɗan farin gam na kafinta ya ishi littafin da ake aro. Jarida irin su Aminiya a kwantar da ita wata-wata, a ɗaure da ƙyalle ba da roba ba, a nisanta ta da taga, don rana ke sa ta ja har ta riƙa karyewa.

Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. A matse littafi a rufe, a kaɗe samansa da buroshi mai laushi daga wajen ɗinki zuwa waje, da busasshen tsumma, ba jiƙaƙƙe ba. Ni kan ce, "Baba, don Allah a ɗan yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya," don in ba haka ba abin da aka share daga ƙasa kan kanta yake komawa.

Damina ta fi tsoratar da ni, saboda gara. Tana cin littafi daga ciki ta bar bango lafiya lau, sai ka ɗaga ka ji ba nauyi. Janye kanta daga bango kamar taƙi ɗaya, kantar ƙasa kuma ta ɗaga daga daɓe, ko da bulo za a sa mata. Ta ƙarfe ta fi ta katako in da hali. Wannan aikin Baba na damƙa wa, domin ko da bai yi boko ba, ya fi mu duka saurin ganin siririyar hanyar ƙasa da gara ke ginawa a jikin bango. Da an ga yoyo a silin, a kwashe abin da ke ƙarƙashi a ranar, kada a jira mai gyaran kwano. Littafin da ya jiƙe kada a shanya shi a rana, zai kumbura ya kanannaɗe. Tsayar da shi a buɗe a inuwa mai iska, a sa farar takarda tsakanin shafuka ana canzawa. Wanda ya yi fumfuna a raba shi da 'yan'uwansa. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da awara su tsaya a baranda, har da na ma'aikata, don ɓera da kyankyaso ƙanshi suke bi.

Babban ƙirga na shekara, a watan Agusta nake yin sa. An gama NECO, makarantu suna hutu, manya suna gona, ɗaki babu kowa. Mutum biyu-biyu ake yi, ɗaya riƙe da rajista yana kira, ɗaya a gaban kanta yana amsawa. Abin da ba a gani ba a sa masa alama da fensir, ba da biro ba, domin wasu sukan ɓullo daga bayan wata kantar kafin a gama. A lokacin ne kuma ake matsar da jeri in wani sashe ya cika, ana farawa daga ƙarshen da ke da fili a dawo baya. Kofan da zai tafi kuwa, kafin in sa masa hannu a takardar sallama, sai ya zaga sashensa da wanda zai gaje shi, kanta bayan kanta.