Ciwon baya mai sauka ƙafa: wane hoto za ka yi?

Buhun gero na ɗaga a kasuwar Dole, na ji ƙuguna ya ce ƙas. Kafin kwana uku ciwo ya bi cinya ya sauka har babban yatsan ƙafar hagu, ruku'u ya gagara. Da kaina na je na biya kuɗin radiyo, wato hoton ƙashi na asibiti, hoto ya fito tas, ciwo yana nan.

Kada ka yi irin tawa. Fara da lokotoro. Zai kwantar da kai, ya ɗaga ƙafarka a miƙe, ya doki gwiwa da 'yar gudumarsa, ya sa ka taka da dunduniya. Nawa ya ce mini: "Malam, radiyo ƙashi yake gani. Naka ciwon yana faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi, shi ya bulluƙo ya danne jijiya." Ƙasusuwan ƙugu 5 ne, matsalar ta fi yawa a L4-L5 da L5-S1, wato tsakanin na 4 da na 5, da tsakanin na 5 da ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Radiyo yana da ranarsa in ana zaton karaya ko ƙashi ya goce.

Yawanci ba a gaggawar hoto. Magani da motsa jiki na kamar sati 6 kan kwantar da ciwon. Amma in fitsari ko bayan gida ya ƙwace maka, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ka fara jan ƙafa, kada ka kwana gida. Zazzaɓi da rama ma ka faɗe su, don tarin fuka yana cin ƙashin baya.

Sikana, wani injin hoto mai aiki da hasken radiyo, mintoci kaɗan ne, ya fi radiyo nuna ƙashi dalla-dalla, sai dai haskensa ya fi yawa. Mace mai ciki ta sanar tun a ƙofa.

Wanda ke nuna faifai da jijiya sosai shi ne IRM. Maganaɗisu ne babba, babu hasken radiyo a cikinsa. Sai da na ajiye agogo, zobe, makulli, waya, har layar da ke damtsena, don ba a san me aka ɗinke ciki ba. In kana da ƙarfe a jiki, ko na'urar bugun zuciya, ko kai mai walda ne ɓarɓashi ya taɓa faɗa maka ido, faɗi. Za a tura ka cikin rami kamar bututu, kusan rabin awa, ƙara kamar injin niƙa a kunnenka. Ni ido na rufe ina salati. Ko ƙaiƙayi ya taso kada ka motsa, hoton zai ɓaci.

Kalmomin takardar sakamako kada su tayar maka da hankali. Mutane da yawa masu lafiya lau, in aka yi musu IRM za a ga faifai ya ɗan bulluƙo. Lokotoro zai duba ko wurin ya dace da ƙafar da ke maka ciwo, kafin a yi zancen tiyata. Ni ban kai nan ba.

In aka tura ka Yamai ko Kano, bugo waya ka tabbata injin yana aiki kafin ka yanki tikiti. Ɗauki takardar lokotoro da tsofaffin hotunanka, ka nemi kujerar da za ka iya miƙe ƙafa.