Kurakuran da ake yi wajen renon bakwaini da jariri mai ƙarancin nauyi

Duk jaririn da aka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba, ko bakwaini ne ko watanninsa sun cika amma ya zo ƙarami, renonsa daban ne. Abin da ke damuna shi ne, yawancin abin da ke cutar da su da kyakkyawar niyya ake yin sa, a hannun kaka ko gwaggo.

Na farko wankan gaggawa. An haihu da asuba, kafin hantsi an ɗora ruwa, an kawo soso da sabulu. Shi kuwa yaron nan ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, sanyi na shigarsa ko da bazara ce, balle hunturu. A goge shi da tsumma mai tsabta kawai. Wanka ya jira aƙalla awa 24, in ƙarami ne sosai ma sai ya yi ƙwari.

Sai naɗe shi a ajiye gefe. Lokacin da ƙanwata ta haifi ɗanta, bai cika kilo biyu ba. Na shiga ɗakin na tarar an naɗe shi da tawul biyu da bargo, ga kaskon garwashi a gindin gado, taga a rufe. Na zura hannu na taɓa tafin ƙafarsa, sanyi ƙalau. Tufa ba ta ba da ɗumi, wanda ke jiki take tsarewa, shi kuma nasa bai ishe shi ba. Garwashin ma hayaƙinsa guba ne ga huhunsa.

Maganin wannan yana ƙirjin uwa. A cire masa kaya, a bar hula, safa da kunzugu, a kwantar da shi a tsaye tsakanin nonuwanta, fata da fata, a juya kansa gefe don numfashi, a ɗaure da zani, ta sa riga mai faɗi a kai. Goyo ne dai irin namu, sai dai ta gaba. Likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya suka fara shi a 1978 saboda kwalaben sa jarirai sun yi musu kaɗan, ana kiransa renon kangaru, da sunan wata dabba mai ɗaukar ɗanta a jakar da ke cikinta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi da zarar an haihu, awa 8 zuwa 24 a rana. In mai jego za ta yi wanka ko salla, uban yaron ko kakarsa su karɓa, ba abin kunya ba ne.

Wajen shayarwa kurakuran biyu ne. Akwai masu matse dakashi su zubar, wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafinsa na farko. Akwai kuma masu cewa "ƙyale shi, barci yake". Ƙaramin jariri ba ya da ƙarfin kukan yunwa, yawan barcin ma kan zama alamar sukarin jininsa ya sauka. A tashe shi duk awa biyu zuwa uku, dare da rana. In ya kasa kama nono, uwa ta tatsa a kofi mai tsabta a ba shi kaɗan-kaɗan. Ban da ruwa, ban da zuma, ban da jiƙo.

Cibiya kuma a daina gasa ta, a daina shafa mata man goge baki ko toka. Maganin chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti ya isa. A fitar da kafur daga cikin kayansa, yana tayar wa wasu jarirai shawara mai tsanani.

'Yan barka su yi haƙuri da ɗauka. Mai mura ya tsaya daga ƙofa, wanda zai taɓa shi ya wanke hannu.

Kuskure mafi tsada shi ne jiran a yi suna kafin a fita da shi. In ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi rawaya, ko ya fara jijjiga, a kai shi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, yana ɗaure a ƙirji. Raguwar nauyi kaɗan a kwanakin farko ba komai, amma in an yi mako biyu zuwa uku bai koma nauyin haihuwarsa ba, a faɗa wa ma'aikaciyar awo ta duba yadda yake kama nono.