Darasi na 14: Idan jijiyoyin jini suka sarƙe a cikin kai

Iyayena da yayyena, duk wanda ya taɓa noman rani a cikinku ya san yadda inji yake turo ruwa da ƙarfi ta babban tiyo, sai a raba shi ƙananan magudanai ya shiga kwami a hankali. To haka jini yake a jikinmu. Zuciya ce injin, tana turo jini da ƙarfi ta manyan jijiyoyi, sai ya ratsa wasu sirara da suka fi gashi sirantaka, nan ƙarfinsa yake raguwa ya ciyar da nama, sannan ya shiga jijiyoyin da za su mayar da shi zuciya, su kuma bangonsu ba kauri saboda ba a yi su don ɗaukar matsi ba.

Akwai mutane ƙalilan, ba su kai 1 cikin 100 ba, da a ƙwaƙwalwarsu waɗannan siraran babu su a wani wuri, jijiyar da ta ɗauko jini ta haɗe kai tsaye da mai mayarwa, suka cukurkuɗe kamar zaren da yaro ya yi wasa da shi. A takardar asibiti za ku ga haruffa uku, AVM. Ku rubuta su a littafinku yanzu. Galibi da shi ake haihuwar mutum, ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma jifa ba ne, kuma sau da yawa tsakanin shekara 10 zuwa 40 yake bayyana. Akwai ɗan'uwansa da ke fitowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, shi ya fi kama masu shekara 50 zuwa sama, mai shi yakan riƙa jin ƙara fuu fuu a kunne tana tafiya daidai da bugun zuciya.

Abin tsoro shi ne fashewa. A cikin mutum 100 masu wannan lalura ta AVM, kamar 2 zuwa 4 ne jijiyar take fashe musu a shekara, za ku ce ai kaɗan ne, eh kaɗan ne, amma saurayi ɗan shekara 20 shekaru nawa ne a gabansa in Allah ya yi masa tsawon rai? Kuma wanda ta taɓa fashewa sau ɗaya haɗarinsa ya fi yawa, musamman a shekarar farko. Kusan rabin masu ita ma ba sa sani sai ranar da jinin ya zuba, wasu kuma farfaɗiya ce take fara nunawa.

Nan nake so mu daɗe, don wallahi a nan ake rasa rai a banza. Mutum yana zaune lafiya ƙalau sai ya dafe kai ya ce bai taɓa jin ciwon kai irin wannan ba, ga amai, ga wuya ya sanƙare, ko baki ya karkace, ko hannu da ƙafa na ɓari ɗaya sun saki, ko magana ta harɗe, ko ya faɗi yana jijjiga. Sai gida ya cika, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce a kira wanzami a yi ƙaho, ana haka har dare ya yi. Addu'a a yi ta, amma a yi ta a cikin mota ana hanyar asibiti. Wanda baya cikin hayyacinsa kar a ɗura masa komai, ko ruwa ko rubutu ko koko, huhu zai tafi. Kar a tura masa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe guda, a sassauta masa riga. Kuma don Allah kar a ba shi asfirin, yana hana jini daskarewa, zubar ƙaruwa za ta yi. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya.

Ido baya gane wannan, sai hoton kai, CT ko MRI, wani lokaci har da hoton jijiyoyi da ake zura siririn tiyo. Shi ya sa in ƙaramin asibiti ya tura ku gaba, irin asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato inda ake da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, ku tafi ranar, kar a koma gida shawara.

Magani hanya uku ce. Ko a yi tiyata a cire ƙullin, ko a zura tiyo ta jijiyar matsematsi har kai a toshe wurin da wani abu kamar gam, ko a haska shi da wani haske mai ƙarfi, shi wannan sai shekara 2 zuwa 3 kafin jijiyar ta rufe, kuma kafin nan haɗarin yana nan. Wani lokaci kuma likita zai ce a bar shi a riƙa sa ido, kar ku ɗauka rowa ce ko sakaci, wani babban bincike da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda tasu ba ta taɓa fashewa ba, a shekarun farko waɗanda aka bari a kan maganin sha kawai sun fi waɗanda aka yi wa aiki samun sauƙi. Girman ƙullin da inda yake zaune su ake dubawa.

Wanda aka ce yana da ita, ya riƙa auna hawan jini, ya bar taba, kar ya tsallake maganin farfaɗiya ko na rana ɗaya, kar ya sha maganin kemis sai likitansa ya sani. Mai farfaɗiya ya haƙura da tuƙi da hawa bishiya da shiga rafi shi kaɗai. Mace kuma ta yi magana da likita tun kafin ta ɗauki ciki.

Aikin gida: kowa ya samu ƙaramar takarda ya rubuta alamomi huɗu daga cikin waɗanda muka karanta, a ƙasa ya sa sunan babban asibitin da ya fi kusa da garinku da lambar mai motar da zai iya fitowa cikin dare. Ku zo da ita ranar darasi na gaba mu gyara rubutun tare, sannan a manna ta a bangon ɗaki.