Yadda za ka kai kiredit ɗinka daga kwalejin shekara biyu zuwa makarantar zane a Amurka

Wallahi kar ka ɗauka duk kiredit 60 ɗin da ka tara (wato makin da ake lissafa wa kowane kwas da ka ci) makarantar zanen za ta karɓa haka kawai. Kwasa-kwasan gama-gari irin su Turanci, lissafi da tarihi sukan wuce ba wahala, in dai ka samu C ko sama. Matsalar tana kwasa-kwasan situdiyo, wato waɗanda ake yin zane da hannu a cikinsu, nan makarantu irin su Parsons da Pratt sai sun ga aikin hannunka tukuna, don haka ka ɗauki hoton kowane zane a haske mai kyau, har na littafin da kake gwajin zane a ciki da kake ganin shirme ne, ka kuma adana silabas ɗin kowane kwas, shi za su gwada da nasu.

Takardar sakamako kuwa, ofishin rijistara ne zai tura kai tsaye, wadda ka buɗe da hannunka ba ta aiki. In kwalejinku na tsarin kwata ne, wato mai raba shekara zango huɗu, kiredit 3 naku 2 ne a tsarin simesta.

Tun kafin ka yi rajistar kwas na gaba ka tambayi ofishin ba da gurbi na makarantar zanen ko akwai yarjejeniyar karɓar kiredit tsakaninsu da kwalejinku, kuma su ba ka amsar a rubuce.